Motar da Babanka Zai Iya Kwanciya a Bayanta

Anguwan Rukuba, Jos.

Ɗana Ishaku,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji wanda ya ba ni kai, ya kuma raya mini kai har na ga wannan rana. Ina roƙonsa ya kai ka Legas lafiya, ya raba ka da direba mai gaggawa da abokin banza, ya ba ka farin jini a wurin aikin da ka samu. Babanka ma ya sa maka albarka, ka dai ji da kunnenka yadda ya yi ta kokawa da harshensa har ya kai ƙarshen addu'ar.

Za ka tarar da wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin ƙullin acca. Na rubuta ne don na gaji da yi wa tsakiyar kanka magana. Da na buɗe baki sai ka sunkuya kan waya kana cewa, "Na ji, Mama," alhali ba abin da ya shiga. To ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, kuma ka sani tun yanzu cewa raina a ɓace yake.

Ranar Asabar ka kawo mini dillali har gida ba ka gaya mini ba. Ina ƙofar gida ina tsince wake, sai ga wani mutum da tabarau a goshi yana zagaya motata, yana harbin tayoyinta da ƙafa kamar ta ci masa wani abu. Ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana karkaɗe hannu, ya ce maka, "Oga, wannan mota ya gama aiki. Sai dai 'yan gwangwan su yanka shi su auna." Kai kuma da na haifa, maimakon ka ce masa ya iya bakinsa a gidan mutane, sai ka yi dariya ka ce, "Ai na gaya wa Mama, akwala ce." Motata Doguwa kake kira akwala. Motar da ka yi amai a kujerar bayanta ba sau ɗaya ba, motar da ta kai katifarka da buhun garinka jami'a. Kuma duk wannan a gindin tagar ɗakin Babanka kuka tsaya kuna yi, tagar a buɗe.

Kada ka ɗauka rigimar tsufa nake yi. Na fi ka sanin Doguwa ta ƙare, ni nake tuƙa ta. Ni nake ajiye ta a gangaren ƙofar gida hancinta yana kallon ƙasa, don in batir ya ƙi in saki birki ta gangara ta tashi. Hayaƙin da take yi da safe ya sa maƙwabciyarmu Maman Ngozi ta daina shanya a igiyar bayan katangarmu, ta kuma tabbatar na san dalili. Mitar da ke ƙirga tafiyarta ta tsaya tun kana sakandare, ba mai iya faɗin iyakar ƙasar da ta taka. Dizal da muka yi murna da arhansa lokacin da muka saye ta, yau ya zama abin da ya zama. Dauda bakanike ya ce kayan injinta sai an aika nesa, in an dace ma sai dai a ciro na wata da ta riga ta mutu. Duk wannan gaskiyarka ce. A canza ta, na yarda, kuma na gode da ka ce kai za ka ɗauki nauyin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da ka nuna mana a waya.

Wata farar mota ce ƙarama, cikinta kusan yana shafar ƙasa, bayanta a dunƙule, but ɗinta in ya ɗauki buhun dankali biyu ya yi ƙoƙari. Ka ce ga sanyi, ga kiɗa, ga gilashi mai hawa da kansa, ga shi ba ta shan mai, kuma a Legas irinta sun fi araha. Na saurare ka har ƙarshe ina jiran in ji inda za ka ce ga wurin Baba. Ba ka ce ba, ka sa wayarka a aljihu.

Bari in tuna maka abin da ka sani da ka, amma ba ka sani da hannu ba. Kana bautar ƙasa ɓarin jikin Babanka na hagu ya shanye. Da ka dawo ka tarar ni da ƙanwarka Ladi mun riga mun saba da komai, sai ka bar mana. Ranar asibiti ka fita neman aiki tun da safe, ranar Lahadi kuma kai sujadar Turanci kake zuwa, mu ta Hausa. Saboda haka ba ka taɓa shigar da shi mota ba. Ƙugunsa da gwiwarsa ba sa lanƙwasuwa yadda za a zaunar da shi a kujera a rufe ƙofa. Mun gwada a motar fasto, zufa ta karyo masa, bai yi ƙara ba amma ya cije leɓe har ya fashe. Abin da muke yi shi ne mu kwantar da kujerun bayan Doguwa, mu ɗaga ƙofar baya, ga katifa a shimfiɗe, mu ja shi a kan bargo kai ya fara shiga, keken guragunsa a naɗe a gefe. Ta wannan ƙofa yake zuwa gashin ƙashi. Ta nan yake zuwa sujada dattawa su taru su sauke shi yana yi musu murmushi da rabin baki. In mun je ƙauye nakan juya bayan motar ya kalli gonarsa, in ɗaga ƙofar, ya wuni yana kallon masu cirar dankali yana nuna musu da hannun dama inda suka bari. Ranar da ka kawo farar nan gidan nan, ka kulle Babanka a ɗaki ke nan, sai dai makullin ya yi tsada. Wannan ita ce maganar, sauran duk bayani ne.

Ba don na fi kowa wayo nake faɗa maka ba. Mota uku ta ratsa hannuna, kuma kowacce sai da na yi wauta a kanta.

Ta farko ba mu muka zaɓa ba. Lokacin da aka ƙara wa Babanka girma a ma'aikata, muka haɗa nasa na albashi da nawa na kabeji, sai wansa, Baba Bulus, ya ce shi zai raka shi saye. Suka dawo da wata shuɗiya mai ƙyalli, ƙasa-ƙasa, irin ta manyan ma'aikata. Baba Bulus ya dafa kafaɗar Babanka ya ce, "Yanzu ka zama mutum. In ka shiga sakatariya masinja zai miƙe tsaye." Ni ina gefe ina kallon ɗan tsakanin da ke tsakanin cikinta da ƙasa. Na san hanyar ƙauyenmu kamar yunwar cikina, kowane mako ina bin ta a bayan a-kori-kura ina sayo kaya, na san kowane dutse da ya fito da kai a tsakiyarta. Amma na ja bakina na yi shiru, wai kada a ce matar ƙane ta yi wa wan miji gardama a gaban jama'a. Har guɗa na yi.

Kirsimeti ya zo muka cika ta da shinkafa da mai da kaji, kana goye a bayana, Baba Bulus ya hakimce a gaba. Muna barin kwalta bayan Bokkos ta fara gogar ƙasa. A mashigin rafi muka ji wani ƙara a ƙarƙashinmu, da muka fito sai ga baƙin mai yana bin duwatsu. Ka san abin da Baba Bulus ya ce? "Ai tuƙin ne bai iya ba." Shi da ya zaɓa. Na ɗora buhun shinkafa a ka, ga ka a baya, ga ankon Kirsimeti da takalmi mai tsini, haka na shiga garin miji a ƙasa yara suna bin mu. Tarakta ce ta jawo motar, kuma injinta bai sake komawa daidai ba har muka rabu da ita. Na daɗe ina jin haushin Baba Bulus, amma da na zauna na ga shi hanyar sakatariya ya sani, ni na san ta ƙauye, ni ce kuma na yi shiru. Don haka in za ka saya wa mutane abu, ka tambayi wanda zai yi amfani da shi, ka kuma bar shi ya gama magana. In kai ne ka san abu a wurin aikinka ana shirin yin kuskure, ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa. Ni dai tun daga mashigin rafin nan na daina irin wannan kunyar, shi ya sa kake riƙe da takardar nan.

Ta biyu ni na zaɓa da kaina, kuma da fushi na zaɓa. Na ce wannan karon ba namijin da zai raka ni. Na je wurin wani mai sayar da motoci a hanyar Bukuru, ya ce in dawo da rana tsaka in ya gama wanke su. Na dawo na tarar da wata ja, mai tsayi daga ƙasa, mai shan dizal, daidai yadda nake so. Ya taɓa makulli sau ɗaya ta tashi tana gurnani. Ya nuna mini mita ya ce, "Madam, duba da idonki. Wannan mota wani tsoho ne a Turai yake zuwa coci da shi kawai." Na ji daɗi har na ƙara masa da godiya. Na shigo unguwa ina danna ham don Baba Bulus ya samu labari.

Washegari da sassafe, cikin sanyin Disamba irin wanda ke sa yatsu su ƙi kama makulli, na fito zan je lambu. An riga an sare mini kabeji tun jiya yana jira, manyan motocin kudu kuma da safe suke lodi a kasuwar Farin Gada. Na murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ta sake. Na dafa ruwa na zuba wa injin, maƙwabta suka fito cikin rigunan sanyi suka tura ni har ƙarshen layi, ko gezau. Sai da rana ta take ta ga dama ta tashi. Kafin in iso kasuwa motoci sun cika sun tafi, kabejina na rabar da shi kamar sadaka. Na koma wurin mutumin a fusace, ya kalle ni ko a jikinsa, ya ce, "Madam, ai Jos ne yana da sanyi, ba mota ba." Da ba don ina sanye da ɗankwalin zumuntar matan coci ba, da ranar an ji mu a hanyar Bukuru.

Daga baya Dauda ya nuna mini abin da ya kamata in gani da kaina. Kafin mai saye ya iso sun tayar da injin ya yi ɗumi, shi ya sa aka ce in zo da rana. Robar da ke kan birki da kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, amma mita tana cewa yarinya ce. Tsohon nan na Turai, in da gaske ne, to cocinsa a wata ƙasar yake. Saboda haka kada ka je kallon mota a lokacin da mai ita ya sa maka. Ka faɗa masa da sassafe ba sanarwa, kafin ka gaisa ma ka ɗora tafin hannunka a kan bonet. In da ɗumi ka ce za ka dawo. Ka bar kallon mita, ana juya ta, ka kalli wuraren da ƙafa da hannu suke taɓawa.

Kuma ga abin da ya fi damuna da zancen Legas. Can babu sanyi. Motar da injinta ya gaji za ta tashi a zafin can kamar ba komai, ta hau dutsen nan namu na Jos ta kwana ɗaya ta nuna halinta, lokacin mai ita yana can nesa ya kashe waya. An kuma ce mini wasu ruwa ya taɓa shanye su, a busar a fesa turare. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa, ka sa hanci ka sansana. Da so samu ne, ka bari sai ka zo hutu mu saya a nan, inda in ta ƙi tashi na san ƙofar da zan je in tsaya. Arhar da kake hange a can, ni na taɓa cin irinta.

Doguwa kuwa ba wanda ya yi mata guɗa. Wata tsohuwa ce mai kiwon kaji a Bukuru za ta koma wurin 'yarta, aka ce tana sayar da mota. Na je na ga abu kalar ƙasa, fenti ya koɗe, ciki yana warin dusa. Na juya zan tafi sai ta ce, "'Yata, tsaya. Ƙofar hagu ba ta buɗuwa daga ciki, giya ta biyu sai kin lallaba ta, kuma tana ɗan ɗigar da mai. Ban da wannan ban san mata komai ba. Tafi da ita ta kwana a gidanki, in ta tashi da safe ki dawo mu yi magana." Ta kwana a waje, raɓa ta jiƙa ta sharkaf, da asuba na murɗa ta amsa. Abubuwa ukun da matar nan ta lissafa su ne na tarar, ban tarar da na huɗu ba sai bayan shekaru. In mai mota ya ce maka ba ta da matsalar komai, ka gode masa ka kama hanya. Ka nemi wanda zai faɗa maka aibinta da bakinsa.

Wautata ta uku ita ce ta kusa, kai ma shaida ne. Na riƙe Doguwa ya wuce lokacinta. Tun bara Dauda yake ce mini, "Mama, gyaran nan fa ya zama na lallashi." Kai ma ka faɗa, na ce ku duka ba ku san ta ba. Sai ranar nan ta damina da za mu ga likita, Babanka yana kwance a baya, muka shiga cunkoson Farin Gada ana ruwa har da ƙanƙara. A tsakiyar titi ta mutu, a inda babu gangare. Masu lodi suka taso da buhuna a ka za su tura mu. Ɗayansu ya leƙa ta gilashin baya ya ga mutum a miƙe an rufa masa bargo, sai ya cire hula ya zo tagata ya ce, "Sannu Mama, Allah ya ji ƙan shi. Gida za a kai shi?" Babanka yana ji. Ya ɗaga hannun dama ya ƙwanƙwasa gilashin da ƙarfi. Yaron ya yi baya har ya faɗa kan kwandon tumatur, kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Amma da muka dawo gida, ba mu ga likita ba, rigar Babanka ta jiƙe ta inda rufin yake yoyo, na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka. Taurin kaina ne ya kwantar da mijina a tsakiyar kasuwa ana yi mini ta'aziyyarsa.

Na san tun ranar ka ƙudura a ranka sai ka raba mu da motar nan, na kuma san ƙauna ce ta sa. Ban raina ba. Shi ya sa nake gargaɗinka kada ka karanta wannan ka yi zuciya ka ce to Mama ta zauna da akwalarta. Na san halinka, na gidanku ne, in an taɓa ku sai ku naɗe hannu ku yi shiru wata guda. Ba mu da wannan lokacin. Doguwa ba za ta ga ƙarshen wata daminar ba, kuma ba na so ta sake mutuwa da shi a ciki.

Kada kuma ka ce bari in rufe bakin Mama in sayo mata jif. Na gan su, hawa ɗaya sai ka ce bene. Ni da Ladi muke ɗaga shi daga keke, bayana kuma ba na da ba ne. Abin da nake nema mai dogon baya ce irin Doguwa, ƙofar baya mai ɗagawa sama, kujeru masu kwanciya su yi daidai da ƙasan but ba tudu ba rami, bakin ƙofar kusan daidai da tsayin kujerar kekensa. Ƙarƙashinta ya tsallake dutsen mashigin rafi ko da lodi. Zancen dizal ko fetur na bar maka, ka fi ni sanin inda duniya ta dosa, ban kuma ɗaura aure da dizal ba. Sai dai kafin ka biya ka kira Dauda ka faɗa masa irinta, ka tambaye shi ko ya iya ta, ko kuma ana samun kayanta a garin nan. In ya yi jim kafin ya amsa, bai iya ba ne yake jin nauyin faɗa. Launi kuwa ko kalar kunu ce ban damu ba.

Na san abin da farar nan take yi maka a ido. Ka hango kanka ka zo Kirsimeti ka ajiye ta a gaban coci, ka fito a hankali kana kaɗa makulli, 'yan mawaƙa suna leƙe, musamman wata mai tsayawa a layin gaba da ba zan kira sunanta ba. Ba laifi ba ne, Babanka ma ya so masinja ya miƙe masa. Ka yi aiki ka sayi taka, fara ko ja, in shiga gaba in yi maka guɗa da gaske wannan karon. Amma wannan da za ka fara saye ba taka ba ce. Mutanen da kake so su gani za su kalla sau ɗaya su koma hirarsu, mu ne za mu zauna da ita kowace safiya. In yarinyar nan tana da hankali, ganin ka kana sauke mahaifinka daga bayan mota zai fi yi mata.

Ga gwajin da nake so ka yi, kuma ba wasa nake ba. Tsayinku ɗaya da Babanka, har rigunansa kake sata. Duk motar da ta kwanta maka a rai, ka sa a kwantar da kujerun baya, ka cire takalmi, ka hau ka kwanta a miƙe, ko da kwat ɗin ofis ne a jikinka. Kada ka lanƙwasa ƙafar hagu ko kaɗan, don shi ba ya iyawa. Ka ce a rufe ƙofar baya. In tafin ƙafarka ya taɓa ƙofa, ko kanka ya tokare kujerar gaba, ka sauko ka ba su abinsu. In ka samu wuri, ka ɗan jima a kwance. Ka duba ko ana ganin waje ta taga daga nan, don yana son ya ga inda ake, yakan gane kasuwar Terminus da hayaniya ya ɗaga kai. Ka ce a ja motar a bi da kai ta gargada ka ji yadda bayanka zai yi. Masu wurin za su yi maka dariya, wataƙila har su ɗauke ka a waya. Ka bar su su yi, an yi wa mahaifinka wadda ta fi wannan a Farin Gada.

Doguwa kuma ba za a yanka ta a ƙofar gidana ba, kada in sake ganin mai tabarau ɗin nan. In lokaci ya yi ni zan tuƙa ta da kaina in kai ta inda za ta, a ranar da Babanka ba ya kallo.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na nemi takarda da biro. Bayan dillalin ya tafi ka shiga ɗaki ka nuna wa Babanka hoton farar motar. Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya yi maka murmushi, ka fito kana ce mini, "Kin gani, Mama, Baba ma ya so ta." Ka fita wurin abokanka. Da na kai masa gwate bai ci ba. Ya daɗe yana haɗa maganar, ka san yadda take fito masa ɗaya-ɗaya. Ya ce motar tana da kyau, kada in hana ka, yaro ya yi ƙoƙari. Sannan ya ce in sa Ladi ta ciro katifar daga bayan Doguwa ta shigo da ita ɗaki, tunda ba sauran amfaninta a waje. Ya nuna takalminsa na zuwa sujada da ke ƙarƙashin gado, ya ce in ba ka ka tafi da shi Legas, ƙafarku ɗaya.

Mutumin nan bai taɓa roƙon kowa komai ba, ba kuma zai fara da ɗansa ba. Shi ya gyaɗa maka kai, ni ba zan gyaɗa ba. Ka bincika jakarka da kyau, ba za ka ga takalmin ba. Na goge shi na mayar ƙarƙashin gado, ranar Lahadi zai sa abinsa. Katifar ma tana nan a bayan Doguwa. Ban cire ba, ba kuma mai cire ta sai ranar da za a ɗauke ta a shimfiɗa a cikin wadda ka zaɓa, ka kama bargon ta wajen kai, ni da Ladi ta wajen ƙafa.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a garin da ba ka san kowa ba, ya ba ka abinci mai tsabta da maƙwabta masu tsoron Allah. Ya ba ka ido mai ganin abin da ba a nuna maka ba, ya dawo mana da kai lafiya ka tarar da mu duka. In ka sauka ka kira, ka fara neman Babanka kafin ni, ka kuma yi haƙuri har ya gama abin da zai faɗa.

Ni ce mahaifiyarka,
Rifkatu.